Panchatantra ko Akbar da Birbal, wanne za a kunna wa yara?

Hajiya kin yi tambaya kan labaran yaran nan na Indiya da ake sawa a YouTube da yaren Hindi, kin ce kala biyu kike yawan gani, na dabbobi da ake ce wa Panchatantra da kuma na sarki Akbar da Birbal, wai wanne ya fi koya wa yaro kirki da gaskiya da gudun kwaɗayi. Toh gaskiya aikinsu ba ɗaya ba ne.

Panchatantra tsoho ne tukuf, asalinsa ma da Sanskrit aka rubuta shi, daga baya aka mayar Hindi. Wai wani sarki ne ke da 'ya'ya uku duk daƙiƙai, sai wani malami Vishnu Sharma ya ce a ba shi wata 6 zai buɗe musu kai, shi ne ya dinga ba su labaran dabbobi har kashi 5. Mu ma ba baƙonmu ba ne, shi ne ya bi ta Farisa har Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekara ta 750, Kalila wa Dimna ke nan da ɗaliban Larabci suka sani. Amma ki lura 'ya'yan sarki aka yi wa shi, dabarun mulki da zaman duniya ake koya musu, shi ya sa sau da yawa mai wayo ne ke sha ba lallai mai gaskiya ba, kamar dai Gizon tatsuniyarmu.

Ta fannin kirki da zumunci kam ya ci tuta. Akwai na kurciyoyin da suka faɗa tarkon maharbi, shugabansu ya ce kowa ya tashi lokaci ɗaya, suka ɗauke ragar gaba ɗaya sai ƙofar ramin abokinsa ɓera, da ɓera ya zo zai fara tsinke masa igiya sai ya ce a'a fara da mabiyana tukuna, ni a ƙarshe. Wannan ko ɗan shekara 4 zai gane. Na kwaɗayin ne dai ba su da sauƙi ko kaɗan. Wani manomi kullum yana ajiye wa maciji madara a bakin suri, da safe ya tarar da dinari ɗaya a ƙwaryar, ranar da ya yi tafiya ya bar wa ɗansa aikin, yaro ya ce ai surin nan cike yake da zinare bari in kashe macijin in kwashe duka, ya maka masa sanda, maciji bai mutu ba ya juyo ya sare shi, yaro ya mutu shikenan. Haka suke, mai kwaɗayi ba a masa nasiha, sau da yawa mutuwa yake. Kuma a labarin manomin bauta wa macijin yake yi, dole ki zauna kusa ki yi bayani.

Shi kuwa Birbal mutum ne da aka yi da gaske, bafaden sarki Akbar wanda ya mulki daular Mughal daga 1556 zuwa 1605, Birbal ɗin ya mutu a yaƙi a 1586, sai dai yawancin labaran daga baya mutane suka jingina masa su. Nan mutane ne da rigima a fada, wani ya cuci wani, Birbal ya gano. In gaskiya da adalci kike nema nan za ki tsaya. An yi sata a gida, Birbal ya raba wa barori sanduna tsayi ɗaya ya ce ta ɓarawon za ta ƙara tsawo kafin safe, ɓarawo ya kasa barci ya datse tasa, da safe ita kaɗai ce gajera. Ga na talakan da ya kwana tsaye cikin ruwan sanyi don a ba shi kyauta, sarki ya hana wai ai fitilar da yake hange daga nesa ce ta ɗumama shi, sai Birbal ya ƙi zuwa fada ya ce girki yake, da sarki ya je da kansa ya ga tukunyar can sama a rataye wuta kuma tana ƙasa, nan ya gane ya biya mutumin. Wannan ya fi burge ni wallahi, don sarkin ne da kansa ya yi son zuciya kuma aka gaya masa ba tare da an ci masa fuska ba. Illarsa kawai ƙananan yara ba sa kama dabarar sai an warware musu.

Ni a ganina 'yan ƙasa da shekara 7 ki zaɓa musu na zumunci a Panchatantra, ki tsallake na kashe-kashen, manyan kuma a ba su Birbal, ki tsayar da bidiyon kafin ƙarshe ki ce su faɗi yadda za a kama ɓarawon. Sannan ba duk abin da aka lika wa sunan labarin tarbiyya a YouTube ne daga waɗannan biyun ba fa, da yawa sababbin ƙirƙira ne cike da mayu da faɗan suruka da matar ɗa, ki fara kalla ke kaɗai kafin ki miƙa musu wayar.