Inda ma'aikatan Landan suke kwana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin da ka nema game da matsugunin ma'aikata a nan Landan.

Ma'aikatan jinya da direbobin bas da masu shara da masu kula da tsofaffi, waɗanda ba don su ba da harkokin birnin sun tsaya cik, mafi yawansu ba sa zama a tsakiyarsa, domin albashinsu ba ya ɗaukar hayar wurin. Gwargwadon nisan unguwa, gwargwadon sauƙin haya, sai dai kuɗin jirgin ƙasa yana ƙaruwa. Shi ya sa za ka tarar da 'yan Nijeriya da yawa a Woolwich da Thamesmead da Barking, inda wadda ta tashi daga aikin dare na awa 12 za ta iya ƙara awa guda a hanya kafin ta kwanta.

Sabon zuwa kuwa ɗaki ɗaya yake samu a gidan da aka yanka ɗaki-ɗaki, har falo ya zama makwanci, mutum biyar ko shida suna haɗa kicin da banɗaki. Babu zaure, babu tsakar gida, kuma da hunturu danshi yakan kama bango. Ruwa da wuta ba sa ɗaukewa, wannan gaskiya ne, ba a jiran 'yan ga-ruwa kamar a Tudun Wada. Haya ma wata-wata ake biya, ba ta shekara gaba ɗaya ba, kuma tun 2019 doka ta taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar mako 5 a yawancin gidaje.

Tushen matsalar tsoho ne. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rangwame, ba a kuwa gina kwatankwacin waɗanda aka sayar ba. Kulawa da ragowar ma ta yi rauni: gobarar benen Grenfell a 2017 ta kashe mutum 72, a ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, wadda tana cikin mafiya arziki a Ingila.

A ganina, tsarin kwatas irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, duk da tsufan gine-ginensa, ya fi tausayin ma'aikaci, tunda yana kwana kusa da aikinsa. Saboda haka idan ƙanwarmu ta Shika tana nan kan niyyar zuwa, ta tambayi asibitin da zai ɗauke ta ko yana ba da masauki, na wata nawa, kuma a wace unguwa, kafin ta sa hannu a takarda.