Gidan jinyar da muka kai Baba a Yamai: ma'aikaciyar dare ce kaɗai ta riƙe mu

Wata huɗu ke nan da muka kai Baba wani gidan jinyar tsofaffi a nan Yamai, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ba da son ranmu ba, kun dai san bakin dangi. Amma Baba rabonsa da barcin kirki tun 2016.

Fataucin bandar kifi yake yi a garin Bosso, can jihar Diffa. Ran 3 ga Yuni na shekarar, da ƴan Boko Haram suka afka wa garin, da ƙafa ya bi ayarin masu gudu har Tumur. Tun daga nan ƙarar moto ko bugun ƙofa cikin dare ya isa ya birkita shi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu suka ce iskoki ne, wasu rikicin tsufa.

A sati na biyu na kwana wurinsa. Wajen ƙarfe 2 kuran (wutar lantarki) ya yanke, gurup, wato injin ba da wuta, ya tashi da wata irin ƙara. Kafin in miƙe Baba ya sulale ƙasa, yana jan jiki da hannu guda zai shige ƙarƙashin gado, yana kiran yaron shagonsa da bai iso Tumur ba. Na zabura zan rungumo shi, ma'aikaciyar dare ta tare ni: "Yaya, kar ka riƙe shi." Ta ɗaga tocila sama don kada hasken ya doki idonsa, ta zauna kan siminti nesa kaɗan. "Baba Alhaji, ni ce mai ba ka magani. Yamai kake, ga ɗanka nan. Gurup ne." Ta yi ta maimaitawa a hankali. Can ta ce, "In kama hannunka?" Sai da ya gyaɗa kai ta taɓa shi. Wallahi hawaye na yi.

Ita ta fahimtar da ni cewa ciwon firgici ne da ke biyo bayan bala'i: mutum ya ji kamar yanzu abin ke faruwa, riƙe shi da ƙarfi kuwa ƙara masa tsoro yake. Washegari ta sa aka canza masa ɗaki nesa da gurup, aka juya gadon yana kallon ƙofa, aka daina kulle shi da makulli.

To amma fa ita kaɗai ce. Duk abin da ta rubuta a littafi, masu aikin rana ba su karantawa. Wani sabon yaro ya girgiza shi daga barci don awon jini, Baba ya kai masa duka, aka kira ni wai "tsohonku ya cika faɗa". Da kuɗin da muke zubawa duk wata! Kunun safe ma a sanyaye yake zuwa, rigunansa biyu sun ɓata wajen wanki.

Na bar shi zuwa ƙarshen wata. Na karɓi jerin ranakun aikinta. Daren da ba ta nan, ni ko ƙanwata muke kwana.