Takarda, salula ko tablet: kafin ka kashe kuɗin anket a lakkol

Kusan duk wanda ya zo wurina da maganar anket, wato binciken tambayoyi, a makaranta, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai rubuta memuwar (kundin kammala karatu), ko darektan lakkol da kwamitin iyaye suka matsa wa ya gano dalilin fashin yara daga aji, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wace tablet zan saya? Ni kuwa sai in ce ya fara nuna mini rajistar sunayen ɗalibai. Na'ura ita ce ta ƙarshe a jerin abin da za ka kashe wa kuɗi, kuma sau da yawa wadda ke aljihunka ta isa.

Ga dalilina. Shekarun baya na yi wani bincike kan rashin zuwa aji a wata firamare ta ƙauye, kudu da Maraɗi. Na shiga azuzuwa, na tambayi yaran da na tarar a zaune, na koma gida da takardu cike. Sakamakon ya nuna kusan babu mai fashi. Sai daga baya wani mushe, wato malamin makarantar, ya ce mini, "Malam, ai ranar kasuwa ka zo. Waɗanda kake nema suna can da farantin talla." Na tambayi masu zuwa dalilin rashin zuwa. Da tablet mafi tsada na riƙe a ranar, amsar da zan samu ke nan.

Saboda haka mu fara da zaɓen yaran da za a tambaya, don a nan ne kuɗi ke tafiya ko ya tsira.

Mai sayen hatsi a babbar kasuwa ba ya auna buhu duka kafin ya yarda da shi, amma kuma ba ya yarda da tiyar da mai kaya ya ɗebo masa daga sama. Yakan zura hannu har ciki. Hanyoyin ɗaukar samfuri duka dabarun zura hannu ne.

Mafi sauƙi ita ce ƙuri'a. Ka ba kowane yaro lamba daga rajista, ka rubuta lambobin a ƴan takardu, ka zuba a ƙwarya, a ɗebo. Excel ma na yin haka da umarnin RAND. Idan makaranta ɗaya ce kuma rajistarta cikakkiya ce, ba ka buƙatar wuce nan. Ƙanwarta ita ce tsallake: yara 600, kana son 60, sai ka zaɓi lamba ɗaya tsakanin 1 da 10 ta ƙuri'a, ka riƙa ɗaukar kowane na goma daga nan. Ta fi sauri ga mai aiki da biro.

Nawa za ka ɗauka? Lissafin da aka saba ya ce idan jama'ar na da yawa ƙwarai, kana son tabbacin kashi 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, mutum 384 kake buƙata. A makaranta mai yara 600 adadin yakan sauko zuwa kamar 235. Idan 60 ɗin nan kawai ka iya, babu laifi, amma ka sani kuskurenka na iya kai kusan kashi 12 sama ko ƙasa, kuma ka rubuta haka a rahotonka. Kada ka ce "kashi 41 na ƴan mata" alhali ƴan mata 22 ka tambaya.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi ba da shawara a nan jihar Maraɗi, wato a raba jama'a rukuni-rukuni tukuna, sannan a yi ƙuri'a cikin kowane rukuni. Lakkol ta unguwar Zariya a birnin Maraɗi da ta wani ƙauye a Dakwaro ko Barmo suna ɗaya ne kawai ya haɗa su. Makarantar gwamnati daban, mai zaman kanta daban, faranko-arab daban. Idan ka zuba su a ƙwarya guda, ƙuri'a na iya fito maka da na birni zalla. Ka ware birni da ƙauye, ka ware maza da mata, ka ware ƴan CI (ajin farko) da ƴan CM2 (ajin ƙarshe), sai kowa ya samu wakili. Kuɗin wannan hanya lokaci ne: dole ka zauna da jerin makarantu daga ofishin ansfekta ka tantance shi, don akwai waɗanda aka buɗe ba su shiga ba.

Ta huɗu ita ce ɗaukar dami. Maimakon ka tsinci yaro ɗaya a nan ɗaya a can, sai ka zaɓi makarantu ta ƙuri'a, a cikin kowace ka zaɓi aji, a cikin ajin ka zaɓi yara. Da irin wannan tsari na hawa-hawa gwajin PASEC, mai auna ƙwazon ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, yake aiki, wanda Nijar ta shiga a 2014 da 2019. Ga wanda zai zaga Madarunfa, Gidan Runji, Agye da Tasawa a kan babur, wannan ce kaɗai aljihu zai ɗauka. Amma arahar tana da ƙugiya, kuma a nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa gaban malaman da ke duba aikinsu. Yara 20 na aji ɗaya malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, rijiyar garinsu ɗaya, don haka amsoshinsu sukan yi kama. Idan kamannin ya yi ƙarfi, yara 400 daga azuzuwa 20 za su iya ba ka bayanin da bai wuce na yara 100 da aka tsinta ɗai-ɗai ba. Maganin shi ne ka ƙara yawan makarantu, ka rage yawan yara a kowace. Makarantu 30 da yara goma-goma sun fi makarantu 10 da yara talatin-talatin, ko da man babur zai ƙaru.

Akwai kuma hanyar da ba hanya ba ce: a ce wa darekta ya turo yara goma. Masu ƙoƙari zai turo, masu wanki, kuma ban ga laifinsa ba, kowa na son a ga gidansa da kyau. Ka zaɓa da kanka daga rajista. Wanda sunansa ya fito kuma ba ya nan, ka dawo gobe ko ka bi shi gida da izinin iyaye, kada ka maye gurbinsa da na kusa da ƙofa. Idan kuwa tambayarka a kan yaran da ba a taɓa sa su lakkol ba ce, rajista ba za ta yi maka komai ba. Wannan aikin gida-gida ne, irin wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, take yi.

To, yanzu kayan aiki.

Takarda ba ta mutu ba. Ba ta neman sharji, ba ta neman rezo, kuma tsoho a kwamitin iyaye ya fi sakewa da mai biro a kan mai latsa waya. Idan a dala 5 ake buga shafi, takardar tambayoyi mai shafi 4 ga yara 235 za ta ci jaka 23 da rabi. Tsadarta ta gaskiya tana zuwa daga baya, lokacin da za ka zauna dare da rana kana kwafe amsoshi cikin kwamfuta, kana cin karo da akwatin da aka bari fayau, ko 1 da ya yi kama da 7. Ga makaranta ɗaya da tambayoyi goma, takarda ta wadatar.

Google Forms kyauta ne kuma cikin rabin awa ka gina fom, sai dai ba ya aika komai sai da intanet. Ya dace da tambayar malaman cikin gari ta WhatsApp. Ka tuna dai masu babbar waya da kuɗin data ne kaɗai za su amsa.

KoboToolbox shi ne zaɓina ga mafi yawan masu karanta wannan. Ka gina fom a kwamfuta, ka sauke shi a manhajar KoboCollect ta Android, ka shiga daji babu rezo, ka cika, in ka dawo gari ka tura. Yana hana tsallake tambaya, yana ƙin karɓar shekara 70 a gurbin shekarun ɗan CP (aji na biyu), yana ɗaukar hoto da wurin da makaranta take, kuma tambaya ɗaya za ta iya fitowa da Hausa da Faransanci. Yana da tsari na kyauta mai iyaka, amma aikin memuwar da wuya ya kai iyakar. ODK ɗan'uwansa ne, tsarin fom ɗinsu ma ɗaya ne, sai dai wurin ajiyar bayanansa ko ka biya ko ka kafa naka, don haka ya fi dacewa da ƙungiya mai ma'aikacin kwamfuta. CSPro na hukumar ƙidayar Amurka kyauta ne kuma da shi ake manyan ƙidayoyi, amma koyonsa na cin makonni.

Idan dole sai ka sayi wani abu, sayi batirin ajiya mai kyau kafin tablet. Wayar da za ta yini a rana tana neman batir mai ƙarfi da fuskar da ake gani a haske, ba kyamara mai ido huɗu ba.

Saura rarraba amsoshi, wanda ake raina shi har sai ya ɓata aiki. Shekaru su ne na farko. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, a rajista sai ka ga an rubuta "wajen shekara kaza". Ka sa gurbi na musamman da zai nuna shekarun na takarda ne ko na kintace. Rukunan kuma kada su hau juna: 6 zuwa 8, 9 zuwa 11, ba 6 zuwa 8 da 8 zuwa 10 ba. Dalilin fashi kada ka bar shi "aiki, ciwo, sauransu", don rabin amsoshi za su tare a sauransu. Talla daban, kiwo daban, girbi daban, ɗebo ruwa daban, zazzaɓin damina daban. Ka gwada fom ɗin da yara goma tukuna, su za su ba ka rukunan da ba ka yi tunani ba.

Haka ma kalmar "aji". Na siminti aji ne, na laka aji ne, na zana da kara shi ma aji ne a takarda. Mu a Maraɗi mun san bambancin tun gobarar watan Nuwamba 2021 da ta cinye yara fiye da 20 a azuzuwan zana. Duk fom ɗin da zai ƙirga azuzuwa ba tare da gurbin irin ginin ba, ni ba zan sa hannu a kansa ba.

Sunayen yara kuwa kada su hau waya. Ka ba kowa lamba, jerin sunayen ya zauna a aljihun tebur ɗin darekta. Ka nemi takardar izini daga ansfekta, ka zauna da kwamitin iyaye kafin ranar farawa, kuma ka tambayi mutanen garin ranar kasuwarsu kafin ka sa rana.