Haikalin Buddha a birni mai cunkoso: a shimfiɗa shi ko a hau sama?

Matsalar farko dai fili ne, babu shi, in ma an samu tsadarsa kaɗai ta isa ta cinye kuɗin aikin. To hanya biyu ce.

Ta farko a yi irin na da, katako, rufi mai lanƙwasa, tsakar gida da tafkin furanni. Haikalin Chi Lin da ke Hong Kong kenan, an sake gina shi a 1998 da salon daular Tang ta tsohuwar ƙasar Sin, katakon ma harhaɗa shi aka yi ba ƙusa. Gaskiya abin da ke burge ni shi ne tafiyar, ka shiga ƙofa, ka ratsa fili, ka sake ratsa wani, kafin ka isa gaban mutum-mutumin Buddha ƙarar motoci ta riga ta fita daga kanka duk da dogayen benaye na kewaye da kai. Amma fa yana cin ƙasa sosai, kuma katako da turaren wuta kullum sai an sa ido saboda gobara.

Ta biyu bene. A Singafo akwai haikalin da aka ajiye abin da ake cewa haƙorin Buddha ne, wanda aka buɗe a 2007, zauren ibada a ƙasa, gidan tarihi a tsakiya, lambu a kan rufi. Fili kaɗan, amfani da yawa, tsofaffi ma lifta za ta kai su.

Ni dai na fi karkata ga benen in birnin ya matse, sai dai lifta tana yanke waccan tafiyar, shi ya sa zan so mai zanen ya bar doguwar baranda mai shiru tsakanin lifta da zauren.