Koren wake a kan dalar azurfa: yadda na ga aikin tantancewar CAC

Dalolin azurfa huɗu na aika wa CAC, kamfanin Amurka mai sake duba makin ingancin da aka bai wa tsofaffin tsabar kuɗi, ta hannun wani dillali mai rajista da su, dukkansu irin waɗanda ake kira Morgan, kowace a rufe cikin gidanta na roba ɗauke da makin da PCGS ko NGC, kamfanoni biyu masu yi wa tsaba maki, suka ba ta. Uku suka dawo da 'yar koriyar sitika manne a gaba. Ɗaya ta dawo yadda ta tafi. Ta huɗun nan ce ta zaunar da ni rubutu, don ita na fi kashe wa kuɗi, ita kuma na fi so a cikinsu.

Ga wanda bai shiga harkar tara tsofaffin kuɗin Amurka ba, makin nan shi ne komai. Ma'aunin da ake bi daga 1 yake zuwa 70, William Sheldon ne ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama ana nufin tsabar ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba. Tsakanin 64 da 65 maki ɗaya ne tak, amma a wasu shekarun bugu makin nan ɗaya yana iya ninka farashi. Kafin a kafa PCGS a 1986 da NGC a 1987, galibi mai sayarwa ne ke yi wa hajarsa maki da bakinsa, kuma ba wanda ke cewa miyarsa ba gishiri. Kamfanonin biyu sun rage wannan rikici ƙwarai. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, mutane suka koyi fasa gidan robar su sake aika tsabar, sau biyu, sau biyar, har ranar da za ta dace ta haura maki ɗaya. Tsabar da ta haura da ƙyar ba mai sake fasa gidanta, nan take zama har abada. A hankali kasuwa ta cika da masu 65 da ba su cika 65 ba.

Wannan giɓin John Albanese ya zo cikewa da ya buɗe CAC a jihar New Jersey a 2007. Mutumin ba baƙo ba ne: yana cikin waɗanda suka kafa PCGS, shi ne kuma ya kafa NGC. A aikin sitikar ba a fasa roba, ba a canja maki. Dubawa suke yi ko tsabar ta zauna daram a makin da ke jikinta. Suna kasa masu maki ɗaya gida uku, A da B da C, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Na farko da na biyu su ke samun koriyar sitika, wadda masu tarawa ke kira koren wake saboda siffarta. Wadda suka ga ta fi ƙarfin makinta sai su manna mata mai ruwan zinare, ita kuwa ba kasafai ake ganinta ba. Abin da ya sa tun farko na ɗauke su da muhimmanci shi ne su kansu sun riƙa sayen tsabar da suka manna wa sitika. Wanda ya sa kuɗinsa a bayan maganarsa, ka saurare shi.

A kan ukun da suka wuce ba ni da ja. Akwai ta 1881 bugun San Faransisko, wadda idan ka karkata ta a ƙarƙashin fitila sheƙinta yake juyawa kamar ƙafar keke. Ko makaho ya shafa ya san ta isa. Sauran biyun ma haka. Kayan sun dawo a naɗe tsaf, sitikar ba ta rufe lamba ko maki ba, na shigar da lambar kowace a shafinsu na intanet na same ta a rubuce.

Ta huɗun ita ce ta 1884 bugun Carson City, mai ƙananan haruffa CC a bayanta, ƙarƙashin mikiya. Maki 65 ke jikinta, na saye ta kusan dala 500 a wurin wani mai sayarwa da ba zan kira sunansa ba. Da ta dawo babu sitika raina ya ɓaci, har na ce a zuciyata an zalunce ta. Kwana biyu ban taɓa ta ba. A dare na uku na kashe fitilar ɗaki, na kunna ƙarama guda ɗaya a kan tebur, na ɗauko gilashin da ke ninka girma sau biyar. Ina juya ta a hankali, can sai ga su a kan kuncin hoton matar da ke fuskar tsabar: 'yan siraran layuka, kamar gashin jariri, duk sun kwanta ɓangare guda. Ka miƙar da ita su ɓace, ka karkata kaɗan su fito. Alama ce ta wani ya taɓa goge wurin da ƙyalle. Shekara ɗaya da rabi tana hannuna ban gan su ba, domin kullum da idon mai so nake kallonta. Daga daren nan na daina jin haushin hukuncin. Sun ga abin da ke wurin.

Haushin ya koma wani wuri. Na je wurin wanda ya sayar min na faɗa masa yadda aka yi, ba don ya mayar min da kuɗi ba, don dai ya sani. Sai ya ɗan yi shiru, ya ce ai shi ma ya taɓa aika ta kafin ya sayar min, ba ta wuce ba. Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya ce ban tambaya ba. Gaskiya ne ban tambaya ba. Amma ranar cinikin, da bakinsa ya ce min tsaba ce mai ƙarfi a makinta, alhali ya riga ya san ƙwararrun idanu sun duba sun ce a'a.

A nan ne nake da magana da tsarin kansa. Shafin binciken CAC waɗanda suka wuce kaɗai yake nunawa. Idan ka shigar da lambar wadda aka ƙi, amsar da za ka samu daidai take da ta wadda ba a taɓa aikawa ba. Saboda haka gidan roba marar sitika magana biyu yake yi da baki ɗaya: ko ba su taɓa gani ba, ko sun gani sun ƙi. Mai sayarwa ya san wacce ce. Mai saye bai sani ba.

Na san hujjar masu kare wannan shirun, kuma ba hujjar banza ba ce. Tsabar da ke gidan C ba jabu ba ce, sau da yawa ma makinta daidai ne, tana dai ƙasa-ƙasa ne a cikinsa. Idan aka buga lambarta a jerin waɗanda aka ƙi, tabon zai bi ta duk inda ta je, farashinta ya faɗi fiye da laifinta. Mutane kuma za su ji tsoron aikawa, don ba mai son ya biya kuɗi a ɓata masa kaya. Sannan masu dubawar 'yan Adam ne, ra'ayi suke bayarwa, ra'ayi kuwa yana iya kuskure. Duk na yarda. Sai dai shirun bai kare tsabar kamar yadda ake zato ba. A manyan tsabobi masu tsada, masu saye da yawa sun riga sun ɗauka cewa duk wadda ba ta da sitika an aika an ƙi ta ne, sai zargin ya hau har kan wadda ta shekara talatin a akwatin mai ita ba ta je ko'ina ba. Mai laifi ya ɓuya a cikin taro, marar laifi ya ɗauki rabin kayansa. Wanda kuma ya fi shan wahala shi ne ƙaramin mai tarawa irina, wanda zai biya kuɗin aikawa da inshora da jiran makonni don a faɗa masa abin da aka riga aka faɗa wa wani.

Da za a ji tawa, ba sai an baza jerin a fili ba. A bai wa wanda ya aika takardar shaida mai lambar tsabar da ranar da aka duba ta, a kuma buɗe hanyar da mai tsaba zai iya neman tabbacin cewa ba a taɓa kawo ta ba, ya nuna wa mai saye. Mai gaskiya zai samu abin riƙewa a hannu. Wanda ya ƙi nunawa kuma, ƙin nasa ya isa amsa.

Tun 2023 CAC ta fara bayar da maki da kanta tana rufe tsaba a gidan robarta, amma ban gwada wannan ba tukuna, sitikar kawai na sani. Zan sake aika musu kaya, akwai wasu biyu ma da na ware. Abin da ya canja shi ne yanzu kafin na biya ko sisi nakan tambayi mai sayarwa kai tsaye ko ya taɓa aika ta, in ce ya rubuta min amsar a kan rasit. Mutum biyu sun rubuta ba musu, ɗaya ya ce shi ba ya irin wannan, na ajiye masa kayansa.

Ta Carson City tana nan a akwatina, ban fasa sonta ba. Na yanki 'yar takarda na rubuta lambarta da watan da ta dawo, na ƙara da cewa an aika sau biyu ba ta wuce ba, a duba kunci. Na ɗaure takardar a jikin gidan da roba, duk ranar da zan sayar tare za su tafi.