Mun kai yarinyata Disneyland Paris da keken guragunta

Jama'a ga duk mai yaro mai buƙata ta musamman da ke son zuwa Disneyland Paris, wurin wasanni da shaƙatawa da ke kusa da birnin Paris, bari in faɗa muku yadda muka yi. Yarinyata shekararta 9, ba ta iya tafiya tun haihuwa, kullum sai ta ga hoton fadar da ke cikin wurin a waya ta ce Baba yaushe za mu je, ni kuma abin da ke damuna shi ne layi, don ta gaji da zama a keke a rana ana kallonta.

Abu na farko, kar ka je kai tsaye. Suna da wani kati da suke kira Priority Card, ana nema ta intanet tun wata guda kafin ranar, ka tura takardar shaidar nakasa ta hukuma, mu katin CMI na nan Faransa muka yi amfani da shi. Da katin nan ba ka bin dogon layi, akwai ƙofa daban, kuma har mutum 4 za su iya rakiyarta, to ni da mamanta da ƙannenta 2 duk tare muka dinga shiga. Tikitinta da na mai rakiya ɗaya ma an rage mana kashi 25 cikin 100.

Jirgin ƙasa na RER A muka hau har tashar Marne-la-Vallée Chessy, kana fita ƙofar wurin na gabanka, ba wata tafiya mai nisa.

Amma inda zuciyata ta karye don daɗi shi ne a It's a Small World, wannan da ake shiga kwalekwale ana zagayawa cikin 'yan tsana suna waƙa. Ashe akwai kwalekwale na musamman da keken ke shiga gaba ɗaya, ba sai na ɗauke ta ba. Wallahi tunda aka haife ta kusan ko'ina muka je sai na ciccibe ta a hannu gaban mutane, ranar nan kuwa ma'aikaciyar ta sauke mata wurin hawa, yarinyar ta tura kekenta da kanta ta shiga, mamanta sai da ta yi hawaye.

Ka sani fa ba kowane wasa ne haka ba, irin su Pirates of the Caribbean dole ta sauka daga keke a ɗora ta, don haka duba jerin da suka saka a shafinsu kafin ka yi mata alkawari, yaro in ka ce masa za a yi abu ba ya mantawa. Lokacin faretin rana kuma akwai wurin da aka keɓe wa masu keke, ku je da wuri don yana cika, mu mun samu gaba har Mickey ya ɗago mata hannu.