Hattara da masu sayar da asalin Sikotlan: abin da ya faru da Kakar gidanmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a Kanada da Birtaniya da Amurka. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Sai shekaranjiya da wani ɗan'uwanmu ya turo hoton wata takarda mai hatimi ruwan zinariya, wai ya sayi fili a Sikotlan ya zama mai sarauta, mutane na ta yi masa barka, sannan na ga shiru ba zai yi ba. Irin takardar nan na taɓa riƙe ta a hannuna, kuma na ga hawayen da ta jawo.

Shekarata huɗu ina haya a ƙasan gidan wata tsohuwa a Halifax, cikin lardin Nova Scotia. Kaka nake ce mata, har ta saba tana amsawa. Ta haura tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Sunan gidansu irin na mutanen tsaunukan Sikotlan ne, masu farawa da Mac, kuma tun tana yarinya take jin manya na cewa a jirgin Hector kakanninsu suka zo. Wanda bai zauna nan ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Hector jirgin ruwa ne da ya taso daga Loch Broom a 1773 da mutum kusan 189, ya yi mako goma sha ɗaya a teku, agana da atuni suka kashe wasu a hanya, ragowar suka sauka a Pictou cikin watan Satumba, ba gida ba gona, ga hunturu ya kawo kai. Har yau in mutum ya ce shi jikan mutanen Hector ne, abin tinƙaho ne. Kaka ba ta da burin da ya wuce ta bar wa jikokinta wannan salsala a rubuce kafin ta koma ga Mahaliccinta.

Ta nan 'yan damfara suka shigo mata. Talla ta gani a Facebook, aka ce ta rubuta sunan gidansu kawai. Washegari saƙo ya zo, wai an gano zuriyarsu, ta biya a aiko mata. Ta biya. Bayan mako biyu ga ƙaton ambulan: takarda mai kauri wadda aka rina ta yi kamar tsohuwa, jerin kakanni tun daga ita har zuwa wani shugaban dangi na shekaru ɗari bakwai da suka wuce, a sama kuma tambari mai zaki da takobi. Ranar har ƙasa ta sauko ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, hannunta na rawa don murna. Ni ma na taya ta. Ban zargi komai ba.

Daga nan ba su sake barinta ta huta ba. Suka ce tunda ita jinin manya ce, ya kamata ta mallaki ƙasa a mahaifar kakanninta, fili taku ɗaya tsawo taku ɗaya faɗi, da shi za a riƙa kiranta da sarauta. Ta saya wa kanta, ta saya wa jikoki uku. Sai na ƙarshen, wanda shi ne ainihin tarkon: wai wani danginsu ya mutu a can bai bar magaji ba, dukiyarsa na jiranta, ta turo kuɗin lauya da hoton fasfo. Allah ya sa ba ta iya ɗaukar hoto da waya ba, shi ne ta kira ni.

Na same ta a teburin kicin, shayinta ya huce, ta baje takardun tana bi da gilashin ƙara girman rubutu. Na zauna na fara karantawa a tsanake, karo na farko. Can tsakiyar jerin na ga mutumin da suka ce shi ya shigo Hector, an rubuta haihuwarsa 1790. Na ce, “Kaka, jirgin nan ba a 1773 ya zo ba?” Ta ce haka ne. Na ɗora yatsa a kan shekarar. Ta daɗe tana kallo. Sai na ce, “Kaka, tunda kuka fara da mutanen nan, sun taɓa tambayarki sunan mahaifin mahaifinki? Ko garin da aka binne shi?” Ta cire gilashin ta ajiye, ta ce, “'Yata, ko sau ɗaya.” Ba ta ƙara cewa komai ba, sai hawaye.

A daren na shiga shafin nasu na rubuta sunan mahaifina, Bahaushe ɗan Zariya. Washegari ni ma aka aiko mini cewa an gano asalinmu a tsaunukan Sikotlan.

To ga abin da na bi diddigi na tabbatar, don kada wani ya sake faɗawa. A Sikotlan babu wani abu wai shi tambarin sunan gida. Tambari na mutum ɗaya ne, shi da wanda ya gaje shi, kuma kotun Lord Lyon da ke Edinbara ce kaɗai ke bayarwa, tana da rajistarsa tun 1672. Wanda ya ce zai sayar maka da tambari don sunanka ya yi daidai da na wani, kayan wani yake sayar maka. Filin taku ɗaya kuwa, dokar rajistar filaye ta Sikotlan ta 2012 ta hana a yi wa irin waɗannan 'yan filaye na tsaraba rajista, saboda haka sunanka ba zai taɓa shiga kundin masu ƙasa ba. Ita ma kotun ta faɗa ƙarara cewa mallakar irin wannan fili ba ya sa a kira mutum Laird, wato laƙabin mai mallakar babbar ƙasa a Sikotlan. Mu da muka san yadda ake naɗa rawani a fada, gaban sarki da jama'a, bai kamata a ruɗe mu da sarautar da ake aikowa ta imel ba. Maganar gado kuma, dukiyar wanda ya mutu ba magaji a Sikotlan tana komawa hannun wani ofishin gwamnati mai suna King's and Lord Treasurer's Remembrancer, wanda ke wallafa sunayen mamatan a shafinsa, kowa na iya dubawa. Mun duba, babu sunan da suka ba ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin na gaskiya ba shi da tsada haka. Gwamnatin Sikotlan na da shafi mai suna ScotlandsPeople, neman suna a cikinsa kyauta ne, sai in za ka buɗe hoton takarda ne kake biyan ɗan abu kaɗan. Amma ka sani, sai a 1855 aka fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a hukumance a can. Kafin nan littattafan coci ne, kuma a yankunan tsaunuka da yawa an makara kafin a fara rubutawa, wasu littattafan sun ɓace, ga shi ƙauye ɗaya sai ka tarar da Donald da John da yawa masu sunan gida ɗaya. A nan Nova Scotia ma an rubuta haihuwa da mutuwa daga 1864 zuwa 1877, aka dakata, sai 1908 aka ci gaba. Duk mai binciken kirki zai ce maka akwai giɓi. In ka ga salsala ta miƙe sumul shekara ɗari bakwai ba tangarɗa, cikin mako biyu, ba tare da an nemi ko takarda ɗaya daga hannunka ba, ka riƙe aljihunka. Kuma mai aikin gaskiya daga kanka yake farawa ya yi baya, mahaifi, kaka, kakan kaka, kowane da shaidarsa. Ba ya farawa daga wani basarake ya gangaro yana neman inda zai liƙa ka.

Haka muka yi da Kaka a ƙarshe. Muka ɗauko tsohon Baibul na gidansu mai sunaye a bangon ciki, muka je ma'ajiyar tarihi ta lardin a nan Halifax, wata Asabar kuma na tuƙa ta har wata maƙabarta a yankin Pictou. Ta durƙusa da ƙyar tana kankare gansakuka daga jikin wani dutse da makullin mota, har sunan ya fito. Kakan kakanta ne. Bai zo a Hector ba, shekaru da dama bayansa ya iso, kuma daga kansa sawu ya ɓace mana. Sunaye biyar kacal muka samu. Ta rubuta su da hannunta a farar takarda, ta ba kowane jika kwafi.

Mun kai ƙara cibiyar yaƙi da zamba ta Kanada, banki ya rufe katin ya ba ta sabo, amma kuɗin takardu da na filayen sun tafi. Ɗan'uwana mai sabuwar sarauta, don Allah ka yi haƙuri, ban faɗi haka don in kunyata ka ba. In sun riga sun karɓi lambar katinka, ka kira bankinka yau, kuma duk saƙon gado da zai biyo baya kada ka amsa, kada ka tura hoton fasfo. Ita Kaka har makon jiya an sake aiko mata, sunan kamfanin ya canza, amma zakin nan da takobinsa suna nan a saman takardar.